Daga Barnawa Zuwa Sabon Tasha: Dalilin Da Ya Sa Shafin Facebook Kaɗai Ba Ya Riƙe Kasuwanci

Kusan kowane mai sana'a a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna yana da wata kafa a intanet a yau. Mai ɗinki a Narayi tana ɗora hotunan kayanta a Instagram. Mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri yana da zauren WhatsApp cike da kanikawa. Ƙungiyar da ke kula da marayu a Unguwar Romi tana neman gudummawa ta shafinta na Facebook. Amma in aka bincika, kaɗan ne a cikinsu suka mallaki wurin da suke baje kolin. Shafin da mabiyansa da hotunan shekara da shekaru duk suna zaune ne a kwamfutocin wani kamfani da ke Amurka, bisa sharuɗɗan da zai iya sauyawa ba tare da shawartar kowa ba.

Kafafen sada zumunta suna kawo ciniki, babu musu. Sai dai matsayinsu ɗaya ne da rumfar haya a kasuwar wani. Mai sana'a ko ƙungiyar da ke son zama da gindinta tana bukatar abubuwa uku a hannunta: gidan yanar gizo mai ɗauke da sunanta, alama a kan taswira, da kundin lambobin abokan hulɗarta. Ga yadda kowannensu ke aiki, da abin da ya sa wannan ɓangare na birnin Kaduna ke matuƙar bukatarsu.

Yankin da ya san illar dogaro da ƙofa ɗaya

Tsallaken kogi shi ne cibiyar masana'antun Kaduna tun kafin samun 'yancin kai. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, aka kafa United Nigerian Textiles a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai kuma a 1980. Su ne suka cika Makera da Kakuri da Nasarawa da Tirkaniya da ma'aikata daga kowane sashe na Najeriya. Da masaƙun suka durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe ƙofa a 2007, dubban magidanta sun rasa albashi. Asarar ta bi ta kan masu abinci da masu gidajen haya da masu shagunan da ke ci a gefen masana'antun. Iyalai da dama suka koma ƙananan sana'o'i irin su ɗinki, walda, kafinta, gyaran waya da sayar da abinci.

Rikice-rikicen 2000 da 2002 su ma sun sauya tsarin zaman birnin. Jama'a da yawa sun yi ƙaura daga wannan gaɓa zuwa waccan, unguwanni irin su Sabon Tasha, Unguwar Boro, Kamazo da Gonin Gora suka yi ta faɗaɗa. Abin da hakan ya jawo wa ɗan kasuwa shi ne, wanda zai sayi kayansa ba lallai ne ya bi ta ƙofar shagonsa ba. Yana iya kasancewa a Kawo ko Malali ko Unguwar Rimi, ko ma a Abuja. Kafin ya haye gada ko ya turo ɗan aike, sai ya fara dubawa a wayarsa, kuma abin da ya gani a nan shi zai yanke hukunci.

Masu iya aikin kuwa suna nan kusa. A Barnawa ne Sanusi Ismaila ya buɗe CoLab a 2016, cibiyar da aka sani a matsayin ta farko a Kaduna wajen tara matasa masu gina manhajoji da gidajen yana. A 2018 kuma gwamnatin jihar da Bankin Duniya suka ƙaddamar da shirin Click-On Kaduna domin horar da matasa ayyukan intanet. Samun wanda zai gina shafi ya daina zama matsala. Abin da ya rage shi ne mai shago ya san me zai nema, da abin da bai kamata ya bari a hannun kowa ba.

Yadda mai rumfa ke iya rufe rumfarsa

Shekarar 2021 kaɗai ta isa darasi. Ranar 5 ga Yuni dakatarwar da gwamnatin tarayya ta yi wa Twitter ta fara aiki, ba a sake buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022. Fiye da wata bakwai ke nan masu talla a can suna laluben hanya. A ƙarshen Satumba aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da wasu yankunan Ƙaramar Hukumar Chikun, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Ana cikin haka, ranar 4 ga Oktoba, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida.

A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Da aka haɗa da tarar wasu hukumomi biyu, kuɗin ya kai kusan dala miliyan 290, kuma a 2025 kamfanin ya yi gargaɗi a takardun kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Bai kai ga rufewa ba, amma a lokacin babu wanda ya nemi ra'ayin mai ɗinki a Narayi. Wasu kafafen kuwa sun tafi ba dawowa. BlackBerry Messenger, wanda aka daɗe ana ciniki a kansa a ƙasar nan, an rufe shi a ƙarshen Mayun 2019. Google ma ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya bai wa masu shaguna a Maris ɗin 2024.

Abin da ya fi faruwa kullum ma ya fi waɗannan sauƙi. Wani ya kira mai shago ya yaudare shi ya karanto masa lamba shida da aka turo masa, shi ke nan WhatsApp ɗinsa ya koma hannun ɗan damfara. Ko na'urar tace bayanai ta ɗauki wani hoto a matsayin saɓa ƙa'ida, a rufe shafi mai mabiya dubu goma, babu ofishin da za a je a kai kuka. Ko da shafin na nan lafiya, kamfanin ne ke zaɓar wanda zai ga saƙo, kuma galibi kaɗan ne daga cikin mabiya ke ganinsa in ba a biya kuɗin talla ba.

Gidan yana ba zai dawo da layin waya in gwamnati ta katse shi ba. Amma da yake yana zaune ne a kwamfutar da ke wani gari, mai nema daga Abuja ko Legas zai ci gaba da ganin kaya da farashi da kwatancen shago. In kuma wata kafa ta rufe, masu saye sun san inda za su koma. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Abubuwa uku da ke haɗa gidan yana

Na farko shi ne adireshi, wanda masu harkar ke kira domen. Shi ne sunan da ake rubutawa a saman burauza, misali sunanshago.com.ng. Kwamfutoci ba su san suna ba, lambobi suka sani. Don haka akwai wani tsari mai suna DNS da ke aiki kamar littafin lambobin waya: burauza ta ba shi suna, shi kuma ya ba ta lambar kwamfutar da shafin ke ciki. Adireshin da ke ƙarewa da .ng na Najeriya ne, kuma ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ce ke kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su. An ware .com.ng domin kasuwanci, .org.ng domin ƙungiyoyi, .sch.ng domin makarantu. Ana sabunta adireshi ne duk shekara. Wanda ya ɗauki na Najeriya yana da sauƙi guda: a naira aka yanke farashinsa, saɓanin .com da ke bin tashin dala, abin da masu shi suka ji a jikinsu bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Na biyu shi ne masauki, wato hostin. Wuri ne da ake haya a wata babbar kwamfuta da ba ta kashewa, wadda ake kira uwar garke. Can ne rubutu da hotuna ke zama. Wannan ma haya ce, amma bambancinta da shafin Facebook babba ne. In kamfanin masauki ya gaza, mai gida na iya kwashe kayansa ya koma wani, adireshinsa bai canza ba, masu ziyara ma ba za su san an tashi ba. Yana da kyau a tambayi inda uwar garken take. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, shafukan da ke ajiye a ƙetare suka yi wuyar buɗuwa a Najeriya. Shafin da ke ajiye a cikin ƙasa, a masaukin da ke haɗe da cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, ba sai saƙonsa ya tsallaka teku ba kafin ya iso Kaduna.

Na uku ita ce manhajar da ake gina shafin da ita. Wadda ta fi shahara ita ce WordPress, kyauta ce, ta fito a 2003, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar duniya a kanta suke. Wanda ya iya rubutu a Facebook zai iya ɗora bayani a cikinta bayan koyon kwana ɗaya ko biyu. Mai ƙaramin ƙarfi kuma na iya farawa da Blogger na Google, wanda ba a biyan kuɗin masauki, ya ɗaura masa nasa adireshin. Da haka ko ya tashi daga can wata rana, sunansa na hannunsa.

Akwai ƙari ɗaya da ba a tsallakewa, wato takardar tsaro da ke sa adireshi ya fara da https. Ita ke lulluɓe bayanin da ke tafiya tsakanin waya da uwar garke. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, kuma yawancin kamfanonin masauki suna sanya ta da kansu.

Da sunan wa aka yi rajista?

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Mai makaranta a Unguwar Sunday ya ba wani matashi kwangilar gina shafi, matashin ya yi rajistar adireshin da imel ɗinsa da lambarsa. Bayan shekara ya tafi hidimar ƙasa ko ya sauya layi. Saƙon sabuntawa ya tafi akwatin da ba mai buɗewa, adireshi ya mutu, kuma in wa'adin fansa ya wuce kowa na iya sayensa. Sunan da aka buga a allon makaranta da rasit da jikin mota ya zama na wani.

Maganin ba ya cin ko sisi. A yi rajista da imel da lambar mai sana'ar, ko na ƙungiyar. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, a karɓi kalmomin sirri uku a rubuce: na asusun adireshi, na masauki, da na shugaban shafi a WordPress. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowannensu, da ma a WhatsApp da Facebook. A ƙungiya, aƙalla mutum biyu daga cikin amintattu su riƙe makullan, don kada saɓani ko rasuwa su tafi da su. Sannan a riƙa sauke kwafin ajiya na dukan shafin lokaci zuwa lokaci, a adana shi a wani wuri dabam.

Hawa kan taswira

A yawancin sabbin unguwannin tsallaken kogi, kwatance ake yi da coci ko masallaci ko taransifoma ko gidan mai. Layuka da dama ba su da suna, gidaje ba su da lamba. Mai saye daga Tudun Wada zai iya kai kansa Mahaɗar Command ko Tashar Television, amma daga nan sai kiran waya da juye-juye a Keke Napep. Wani ma fasawa yake yi.

Google Business Profile, wanda kyauta ne, shi ke sa shago ya fito a Google Maps da kuma sakamakon bincike. Ana shigar da suna, nau'in sana'a, lokutan buɗewa, lambar waya, hotuna da adireshin gidan yana. Daga nan Google zai nemi tabbaci, sau da yawa ta gajeren bidiyon da ke nuna allon shago da cikinsa da layin da yake. Abu mafi muhimmanci shi ne a tsaya a ƙofar shagon a dasa alamar a daidai wurin. Inda babu sunan layi, Google Maps na bai wa kowane ɗan fili gajeriyar lamba ta haruffa da alƙaluma mai suna Plus Code. Ana iya buga ta a kati da rasit, ɗan aike ya liƙa ta a wayarsa ta kai shi har ƙofa.

Google ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera shagunan da ke kusa: dacewar shago da abin da aka nema, nisansa da mai nema, da kuma shahararsa. Sharhin kwastomomi na cikin abin da ke gina shahara. Saboda haka roƙon wanda ya ji daɗin aiki ya rubuta layi biyu ya fi kuɗin talla da yawa amfani. Sayen sharhin ƙarya kuwa na iya sa a dakatar da shago daga taswirar.

Me za a rubuta a bulog?

Bulog sashe ne na gidan yana inda ake ƙara sabon rubutu a kai a kai. Amfaninsa ga kasuwanci ya ta'allaƙa ne da yadda injin bincike ke aiki. Manhajojin Google suna zagaya shafuka suna karanta rubutu suna jerawa a rumbu. In mutum ya yi tambaya, daga rumbun ake zaƙulo amsa. Abin da aka sa a Status na WhatsApp bayan awa 24 ya ɓace, kuma injin bincike bai taɓa ganinsa ba. Rubutun bulog kuwa na iya kawo mai saye bayan shekara uku.

Ba sai an zama marubuci ba. Tambayoyin da kwastomomi ke yi kullum su ne kanun rubutu. Mai kayan mota a Kakuri na iya bayyana yadda ake bambance kayan Peugeot na asali da jabu. Mai haɗa sola a Barnawa na iya nuna lissafin batir nawa ke ɗaukar firij da fanka huɗu. Mai sayar da citta da ke shigowa ta Titin Kachia na iya bayanin bambancin busasshiya da ɗanya, lokacin da sabuwa ke fitowa, da yadda ake aika buhu zuwa Legas ta tasha. Rubutu ɗaya mai amsa tambaya sosai a wata ya fi goma na kame-kame. A riƙa ambatar sunan unguwa, domin mai nema yakan haɗa sana'a da wuri.

Batun harshe na bukatar lura. Tsallaken kogi mahaɗa ce ta Gbagyi, Bajju, Atyap, Ham, Adara, Hausawa, Ibo, Yarbawa da sauransu, kuma Hausa da Turanci ne ke haɗa su a kasuwa. Shafin da ke da duka biyun ya fi kama mutane. A ɓangaren Hausa ma gasar ba ta da zafi, domin rubutun kasuwanci da Hausa bai yawaita a intanet ba, don haka wanda ya rubuta mai kyau na saurin fitowa. A jikin rubutu a yi amfani da ƙ da ɗ da ɓ yadda ƙa'ida ta tanada. A adireshi kuwa a tsaya kan k da d da b, domin da su yawancin mutane ke bugawa a waya. Fassarar na'ura na taimakawa, amma kada a wallafa ta sai mai jin harshen ya gyara.

Nauyin shafi da tsadar data

A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Mai ziyara yanzu yana lissafin datarsa. Hoton da wayar zamani ta ɗauka na iya kai megabait 4. Shafi mai irin waɗannan hotuna goma ya cinye megabait 40 ke nan, wato gigabait ɗaya zai buɗe shi sau 25 kacal. In aka rage kowane hoto zuwa kilobait 150, dukan hotunan ba su wuce megabait ɗaya da rabi ba, kuma a fuskar waya ido ba zai ga bambanci ba. Inda sabis ke rawa, kamar gefen Mahuta ko Maraban Rido, wannan shi ne bambanci tsakanin shafin da ya buɗe da wanda aka rufe cikin gajiya.

Google ma sigar waya ta shafi yake dubawa wajen jerawa. Don haka a gwada shafin a ƙaramar wayar Android, ba a kwamfutar wanda ya gina shi kaɗai ba. A guji bidiyo mai kunna kansa. Farashi, lambar waya da maɓallin WhatsApp su kasance a sama inda yatsa zai same su nan take. PageSpeed Insights na Google na auna saurin shafi kyauta, ya kuma nuna abin da ke jan ƙafa.

Amana da karɓar kuɗi

Mai saye da bai taɓa ganin shago ba tsoronsa ɗaya ne: kada ya tura kuɗi a toshe shi. Shafi na iya rage wannan tsoro da abubuwa na zahiri, irin su lambar rajistar hukumar CAC wadda kowa zai iya dubawa a shafin hukumar, hoton gaban shago, asusun banki mai sunan kasuwancin maimakon na mutum, da bayani ƙarara kan kuɗin kai kaya da sharaɗin mayarwa.

Shi ma mai sayarwa yana da nasa tsoron, wato alat na bogi. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack, wanda aka kafa a 2015, da Flutterwave na 2016, suna ba da mahaɗin biya da ake sakawa a shafi ko a tura ta WhatsApp. Kuɗin na shiga, tsarin ya tabbatar da kansa, a cire ƙaramin kaso na aiki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya riga ya koya wa kasuwanni irin na Kakuri da Sabon Tasha karɓar tiransifa, saura kawai a tsara shi yadda ba sai an dogara da hoton rasit ba.

Abin da ya keɓanci ƙungiyoyi

Ga ƙungiyar da ba ta neman riba, gidan yana shi ne takardar shaidarta. Mai bayar da tallafi daga Abuja ko ƙetare zai nemi ganin rajistar amintattu da CAC, rajistar sashen SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, sunayen shugabanni, rahoton shekara, da yadda aka kashe kuɗin baya. Ƙungiyar da ta jera waɗannan a shafi guda ta gama rabin tattaunawa kafin a zauna. Imel mai ɗauke da adireshin ƙungiya ma ya fi na Gmail kwarjini a takardar neman tallafi.

Akwai kuma shirin Google Ad Grants da ke bai wa ƙungiyoyin da suka cancanta tallan bincike na kyauta har na dala 10,000 a wata. Daga cikin sharuɗɗansa, dole ƙungiya ta mallaki nata adireshin, shafin ya kasance da https da bayani gamsasshe kan ayyukanta. Asibitoci da makarantu da hukumomin gwamnati ba sa ciki. Shafin Facebook kaɗai ba zai shigar da ƙungiya wannan shiri ba.

Sai batun mutuncin waɗanda ake taimaka wa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara sunaye da lambobi da hotunan jama'a, kuma ta nemi izinin iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro. Hoton maraya ko na matar da rikici ya raba da gidanta na iya jawo gudummawa a yau, amma zai zauna a intanet har yaron ya girma. A nemi izini a rubuce, a ɓoye suna da unguwa inda ya dace, a fi nuna aikin da aka yi fiye da fuskar mai bukata.

Talla da kuɗi, da auna sakamako

Bayan an gina gida ne talla ke da ma'ana, domin yanzu akwai inda za a kai mutane. Tsarin tallan Meta na barin mai talla ya dasa alama a taswira ya zana da'ira, daga kilomita 1 zuwa sama. Mai gidan abinci a Barnawa ba shi da bukatar biyan kuɗi don mutumin Sakkwato ya gan shi, 'yan kilomitoci sun ishe shi. Mai ɗinkin kayan amare kuwa zai so da'irar ta haye kogi ta rufe dukan birnin. Ana iya biya da naira, kuma tun Janairun 2022 ake ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100.

Yawan masu danna alamar so ba shi ne ciniki ba. Abin aunawa shi ne mutum nawa suka kira, nawa suka turo saƙo, nawa suka saya. Google Search Console na nuna kalmomin da aka buga aka iso shafi, kuma kyauta ne. Hanya mafi arha kuwa ita ce a tambayi kowane sabon kwastoma inda ya ji labarin shagon, a rubuta a littafi. Bayan wata uku littafin zai nuna inda ya kamata kuɗin talla ya tafi.

Kundin da ba a bari a hannun kowa

Abu na uku da aka ambata a farko shi ne mafi arha kuma mafi daraja: sunaye da lambobi da imel na waɗanda suka taɓa saye ko bayar da gudummawa, da izininsu. Mabiyan Instagram ba a kwashe su a tafi da su, amma wannan kundi ana iya. A ajiye shi a jadawalin kwamfuta, a kuma buga kwafi a takarda. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a Janairun 2018, na da jerin aika saƙo na mutum 256 a lokaci guda, amma sai wanda ya adana lambar shago ne saƙon ke isa gare shi, don haka a riƙa roƙon kwastoma ya adana ta tun ranar farko.

Ba dole ne a yi komai a rana ɗaya ba. Mai ƙaramin jari na iya farawa da abin da ba ya cin kuɗi a makon farko: alama a taswira, tabbatarwa mai mataki biyu, da buɗe kundin lambobi. A wata na gaba ya sayi adireshi da sunansa, ko da shafi ɗaya zai ɗora a kai mai ɗauke da kaya, farashi, kwatance da lambar waya. Bulog da mahaɗin biya da talla su biyo baya gwargwadon ƙarfi. Facebook da Instagram da TikTok su ci gaba da aikinsu na kiran jama'a, amma kowane saƙo da aka sa a can ya ƙare da adireshin gidan. Ranar sabunta adireshin kuma a rubuta ta a kalandar shago, kusa da ranar biyan kuɗin haya.